Ranar da Ɗan Giwa Ya Faɗa Ramin Lambunmu

A shekarata ta huɗu a Doha na haƙa wa Baba rijiyar burtsatse. Aikina tuƙi ne. Wata farar mota mai firji nake ja, in loda kayan gwari a kasuwar Abu Hamour da sassafe, in bi kantunan unguwanni ina saukewa. Kullum hannuna cikin tumatir da albasa da kankana da aka nomo a ƙasashen wasu, har tunani ya zauna mini a rai cewa Baba ma zai iya noman rani. Mutum ne da bai iya zama ba. Da an kai amfanin damina gida sai ya rasa inda zai sa kansa, ya yi ta gyaran dangar da ba ta lalace ba. Ga shi tun wani zazzaɓi da ya kwantar da shi shekarun baya kunnensa ya toshe, sai an kai baki daf da kunnen hagu an ɗaga murya kafin ya ji. Zaman majalisa ya fita daga ransa, don ana dariya bai san abin da aka faɗa ba.

Garinmu a bakin gandun daji yake. Ina yaro, tsakanin gonar ƙarshe da iyakar gandun akwai daji na tafiyar rabin wuni, ƙirya da marke da kanya, da wani rafi da ba ya ƙafewa sai ƙarshen bazara. Giwa kuwa labarinta kawai muke ji. Sau ɗaya na taɓa ganin kashinta a bakin rafin, muka tsaya muna tona shi da kara. Yanzu dajin nan babu shi. Masu gawayi sun cinye ƙiryar, mutanen da rashin zaman lafiya ya koro daga wasu wurare sun zo sun sari gonaki, mu ma 'yan gari mun ƙara sara. Rafin ya cike da yashi. Filin da na sa aka haƙa rijiyar ma cikin tsohon dajin yake, ba zan ɓoye ba.

Baba ya yi magana tun farko. Ƙanwata ce ke riƙe mana waya. A garin take aure, ita ke zuwa gida ta zuba masa saƙona cikin kunne, ta dawo mini da amsa.

"Yaya, ya ce wai wurin nan tsohuwar hanyar giwaye ce."

"Tambaye shi rabon da a ga giwa a wurin."

Na ji tana ɗaga murya a kunnensa.

"Ya ce ya fi shekara ashirin."

"To ai kin ji."

"Ya ce to."

Aka haƙa, ruwa ya fito. Aka kafa allunan sola, aka gina ɗan ɗaki na bulo mai rufin kwano inda makunnin famfon yake, nan ne kuma Baba ke ajiye fartanya da buhunan taki. A gefen ɗakin aka haƙa rami na tara ruwa, zurfinsa ya ɗara tsayin mutum, bakinsa a tsaye ta kowane ɓangare. Ranin farko lambun ya yi kyau sosai. Ƙanwata ta turo mini hoton Baba yana riƙe da albasa biyu manya, yana wannan murmushin nasa na gefen baki. Mu shida ne a ɗakinmu na unguwar Mu'aither, babu wanda ban nuna wa hoton nan ba.

A rani na biyu aka fara ganin sawu. Da farko a bayan danga, daga baya a cikin kunyoyin kankana. Duk yankin nan da bazara babu ruwa a sarari sai namu, babu ɗanyen ganye sai namu. Mutanen gari suka shirya cewa duk wanda ya hango su ya buga gwangwani ya yi kira, kowa ya bar gona. Shirin ya yi wa kowa daidai ban da mutum ɗaya, domin Baba ba zai ji gwangwanin ba ko a bayansa ake bugawa.

Na sa ƙanwata ta roƙe shi ya daina zuwa shi kaɗai. Ya ce lambu ba ya ba kansa ruwa. Daga nan na daina cin abinci da daɗi. Doha tana gaban gida da awa biyu, saboda haka lokacin da nake tsakiyar lodi a kasuwa, shi ne lokacin da Baba ke idar da sallar asuba ya hau kekensa. Ina ɗaga kwali ina lissafin inda ya kai: yanzu ya wuce makaranta, yanzu ya kai gindin kuka, yanzu ya shiga.

Ranar da abin ya faru mun sauke kaya a kantuna biyu a unguwar Bin Mahmud, muna hanyar na uku. Wajen tara da rabi ne a nan. Waya ta yi ta rawa a aljihuna, ta tsinke, ta sake, ta sake. A titin Doha ba a taɓa waya ana tuƙi, kyamara tana kallon mutum. Sai da na samu gefen wani shagon wanki na tsaya.

Ƙanwata ce. Ba ta yi sallama ba.

"Yaya, Baba yana lambu, giwaye ma suna lambu."

Na ce ta faɗa mini a hankali. Ta ce wani makiyayi ne ya hango ya shigo gari da gudu. Ɗan giwa ya faɗa cikin ramin ruwan ya kasa fitowa, uwar tana tsaye a kansa, wasu huɗu sun kewaye wurin. Keken Baba yana yashe a ƙofar lambu, an taka ƙafar baya. Ƙofar ɗakin famfo a rufe take. Babu wanda ya ga Baba, babu wanda ya san ko yana ciki. Mutane sun taru a kan tudun kuka, daga nan ake hangen lambun, kuma babu mai iya matsawa, don da wani ya gwada saukowa uwar ta buɗe kunnuwa ta yo kansa.

"An kira ma'aikatan gandun daji?"

"An kira. Motarsu tana can ɗaya ƙarshen dajin. Sun ce suna zuwa."

Na san hanyar nan. Mai cewa yana zuwa daga can, sai la'asar.

Abokin aikina yana zaune a gefena yana kallona. Shi ke sauke kaya, ni ke tuƙi. Dattijo ne ɗan Sri Lanka, mai furfura, ba mai yawan magana ba. Shekara biyu muna mota ɗaya, muna haɗa guntun Turanci da guntun Larabci mu fahimci juna. Na faɗa masa abin da na ji. Da ya gane dabbar da nake nufi sai ya gyara zama. Ashe a ƙauyensu tare da giwaye suka tashi, yana saurayi a kan gadon da ake ɗaurawa a bisa itace yake gadin shinkafar ubansa. Duk tsawon zamanmu bai taɓa faɗa ba, ni ma ban taɓa gaya masa damuwata ba.

"Sadik," ya ce, wato aboki da Larabci, haka yake kirana. "Ƙofar a rufe?"

"A rufe."

"To yana ciki. Giwa ba ta rufe ƙofa."

Na riƙe maganar nan don ba ni da wata.

Aiki bai tsaya ba. Firji cike da kaya, shi ba shi da lasisin tuƙi, mudir, wato shugabanmu a wurin aiki, shi kuma ya fara kira yana tambayar ina muke, yalla yalla, a yi sauri. Na ci gaba da tuƙi. Na ba abokina wayar ya riƙe, duk sa'ad da ta yi ƙara ya sa mini a lasifika. Ƙanwata tana kira duk bayan ɗan lokaci, maganar ɗaya ce. Suna nan. Ɗan yana kuka. Uwar ta durƙusa tana zura hanci cikin ramin tana jan sa, yana suɓucewa. A wani kanti na sauke kwalin latas a madadin kabeji, mai kantin ya biyo mu har bakin mota yana faɗa, na tsaya ina kallon bakinsa kawai.

Wajen ƙarfe ɗaya a nan, sha ɗaya ke nan a gida, aka kira da wayar ƙanwata amma muryar namiji na ji. Baffa ne, ƙanin Baba.

"Kana jina?"

"Ina ji, Baffa."

"Rana ta yi zafi. Ɗakin nan kwano ne, ba taga sai 'yan ramukan bulo. In yana ciki, dahuwa yake yi. Tsoho ne, ka sani."

"Na sani."

"Mun yanke shawara mu kunna wuta a ciyawar gabas, mu zuba barkono. Iska za ta kai musu hayaƙin su ja da baya, samari su ruga su ɗauko shi. An kawo barkonon, ga ashana a hannuna. Amma kai ne babban ɗansa, lambun kuma naka ne. Ba za mu kunna ba sai ka ce."

Na ce ya ba ni minti biyu. Na tsaya a ƙarƙashin wata gada, na juya wa abokina maganar. Tun kafin in gama ya fara girgiza kai.

"La, la, a'a. Uwa da ɗa, ba wuta." Ya yi ta nuni da hannu inda kalmomi suka ƙare masa. Abin da na fahimta shi ne, giwar da ta zo cin abinci hayaƙi yana korarta, amma wadda ɗanta ke cikin rami ba za ta tafi ba. Haukacewa za ta yi, ta nemi abin da za ta huce a kansa, kuma abin da ya fi kusa da ita shi ne ɗakin. Ginin bulo ne kawai, in ji shi, kafaɗa ɗaya za ta sa ta rushe shi. Sannan ya tambaye ni, "Ruwa yana shiga ramin?"

Ban yi wannan tunanin ba. Na kira, na ce ƙanwata ta duba bakin bututun. Ta ce daga nesa tana hangen wani abu yana ƙyalli yana zuba.

Baba yakan kashe famfon da yamma, ya kunna da safe in ya iso. In ruwa yana zuba, to ya shiga ɗakin ya kunna da hannunsa. Sai dai wannan bai nuna mini halin da yake ciki yanzu ba, bayan awa huɗu a ƙarƙashin kwano. Abokina ya ce in ruwan ya ci gaba da hawa zai ɗago ɗan, bakin ramin kuma zai yi laushi. Na tambaye shi awa nawa. Ya buɗe tafin hannu, bai sani ba.

Motoci suna wucewa ta samanmu, gadar tana ɗan rawa. Na yi ta auna abu biyun. In na ce a kunna, giwa ta rushe ɗakin a kansa, ni na ce. In na ce a jira, aka buɗe ƙofa aka tarar zafi ya gama da shi, ni na ce. Kuma tun asali ni na kai ruwan wurin.

Na ce a ba Baffa wayar.

"Baffa, a jira."

Ina jin hayaniyar mutane a bayansa.

"Kana can cikin sanyin mota kana cewa a jira."

"Don Allah, Baffa. Kada a kunna. Kada kuma a buga komai. A ja da mutane baya, a yi shiru."

"In wani abu ya same shi, kai ka ce a jira."

"Ni na ce."

Ya miƙa wa ƙanwata wayar. Ta ce, "Yaya, cajina ya kusa ƙarewa." Bayan kira biyu wayar ta mutu.

Ban san yadda zan kwatanta sa'o'in da suka biyo baya ba. Na kira duk lambar da nake da ita ta garin, wasu ba sa shiga, wasu suna shiga ba a ɗauka, don kowa yana kan tudu. Na yi sallar la'asar a wani ƙaramin masallaci a bayan kantunan Bin Mahmud, liman ya yi sallama ban san raka'a nawa muka yi ba. Abokina ya sayo mini shayin madara da ake kira karak, ya huce a hannuna. Na lura yana ta murza gwiwarsa, sai na gane shi ma tsoro yake ji, don da maganarsa na yi aiki. Muka gama rabon kaya. A hanyar mayar da mota cunkoso ya riƙe mu, na zauna ina kallon jan wutar motar gabana ina tsara yadda zan nemi izinin tafiya, da kwana nawa zan yi kafin in isa, da cewa ko na isa an riga an yi komai ba ni.

Ina kashe mota a harabar kamfani, rana tana faɗuwa, wata baƙuwar lamba ta shigo. Na kasa dannawa. Abokina ne ya danna.

"Yaya, an fito da shi. Yana da rai."

Na sauka daga motar na zauna a ƙasa, na jingina da taya. Ta ci gaba da magana, sai daga baya na sa ta maimaita. Ruwan ya hau har kusan bakin ramin. Uwar ta yi ta taka gefe ɗaya da ƙafafun gaba har ƙasar ta zabtare, ɗan ya samu wurin dafawa, ta tura shi da hanci wata giwar kuma ta ja, ya fito jiƙe da taɓo. Ba su tafi nan take ba. Sai da suka sha ruwa, suka tumɓuke abin da ya rage na kankana, sannan suka bi ta yamma a hankali, ɗan a tsakiya. Baffa ne ya fara isa ƙofar. Ya tarar da Baba zaune a kan buhun taki, ya jiƙa rigarsa ya naɗa a ka. Ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa, a amalanke aka kai shi gida. Ana cikin tafiya motar ma'aikatan gandun daji ta iso.

Sai bayan kwana uku ya ba da nasa labarin, ƙanwata tana maimaita mini jimla-jimla. Ya ce ya shiga ɗakin ya kunna famfo, yana neman fartanya, sai ya ji ƙasa tana motsi a tafin ƙafarsa, wani abu kuma yana bugawa a ƙirjinsa kamar an kunna injin niƙa a kusa. Ya leƙa ta ramin bulo, bai ga lambu ba sai fata mai launin toka ta tare ko'ina. Ya ja ƙofar ya saka sakata. Da farko tsoro ne ya hana shi kashe famfon, don bai san ko makunnin yana ƙara ba. Daga baya ya ga abin da ruwan ke yi, ya bar shi. Akwai mahaɗar bututu da ke ɗiga a cikin ɗakin, wadda na daɗe ina cewa a gyara. Da ita ya jiƙa maƙoshi, da ita ya yi alwala, ya yi azahar a zaune. Sau biyu uwar ta zo ta sa bakin hancinta a ramin bulon, iskar numfashinta ta taɓa masa wuya. Ya ce bai motsa ba, addu'a ma a zuci ya yi.

Na tambaya ko ya san an so a kunna wuta. Ƙanwata ta ce ba a gaya masa ba. Baffa ya hana.

Ni da Baffa mun yi kusan wata biyu ba mu yi magana ba. Ban ga laifinsa ba. Shi ne ya tsaya a rana yana kallon ɗakin da yayansa ke ciki, ni kuwa murya ce kawai a waya. Har yau ban iya cewa shawarata ce daidai ba. Da bututun nan bai ɗiga ba, da wani labarin nake bayarwa.

An yi taro a ƙofar mai gari. Wasu sun faɗa a fili cewa ruwana ne ya jawo wa gari giwaye, tun da kafin rijiyar iyakarsu gonakin nesa. Ma'aikatan gandun dajin suka ce a cike ramin, aka cike. Suka kuma ce kada mu ruɗi kanmu, garken da ya sha ruwa a wuri ba ya mantawa, za su dawo. Na ce a kwance allunan sola a rufe lambun gaba ɗaya. Ƙanwata ta juya kyamarar wayar ta zuba wa Baba maganar a kunne ina kallo. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Ya saurara har ta gama, sannan ya dubi wayar kai tsaye, abin da bai saba yi ba.

"Ce masa su ma ƙishirwa ce ta kawo su. Ce masa ni kuma in na zauna a gida, me zan yi?"

Muka daidaita a kan ba zai fita ba sai rana ta ɗaga, kuma sai da wani a tare da shi. Ya ce to. Na san irin wannan to ɗin nasa. Na nemi hutu, mudir ya ce sai bayan zafi, khalas, magana ta ƙare.

Makon jiya ƙanwata ta turo mini saƙon murya tana dariya. Wai Baba ya samo kare a wurin wani mafarauci, ja mai guntun bindi, ya ce shi ne kunnensa yanzu. Duk inda ya yi karen na biye, in ya ga ya ɗaga kunne sai shi ma ya waiga. Hankalina ya ɗan kwanta. Da safe muna lodi na ba abokina labari. Ya ajiye kwalin tumatir ɗin da ke hannunsa.

"Kare ba kyau, sadik."

"Me ya sa?"

"Yana yi wa giwa haushi. Giwa ta biyo shi. Shi kuma ina zai gudu? Wurin mai shi."

Ya ɗauki kwalin ya ci gaba da lodi. Na duba agogo, ƙarfe bakwai da 'yan mintuna, biyar ke nan a gida. Na matsa bayan mota na kira ƙanwata, ina tunanin yadda za a raba tsoho da karen da ya yi kwana shida kacal da samu. Wayar ta yi ta ringi ba ta ɗauka ba. Na sake kira.